Me ya kai dajin furostet cikin ƙashin Baba?

“Assalamu alaikum Likita. Ni malamin bayoloji ne a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato. Mahaifina yana da shekara 71. Ya kusa shekara yana fama da ciwon ƙugu, ana ta yi masa ƙaho da shafe-shafe. Da muka kai shi asibiti aka auna jininsa, aka ce PSA ɗinsa ya haura 300. Aka sa allura ta dubura aka ɗebi ɗan nama, sakamako ya ce dajin furostet ne. Bayan mako uku hoto ya nuna ya kama ƙashin baya da na ƙugu. Yanzu baffannina sun ɗora mini laifi, wai ni na bari aka taɓa daji da ƙarfe, shi ya sa ya watsu. Don Allah ina son bayani mai zurfi, har cikin sel: yaya ciwon da ke ƙarƙashin mafitsara yake zuwa ƙashi? Kuma me ya sa likitoci suke maganar cire masa 'ya'yan maraina alhali ba can ciwon yake ba?”

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alherin ɗawainiyar da kake yi. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko allurar ce ta watsa ciwon, ta wace hanya yake kai wa ƙashi, sannan mene ne haɗinsa da maraina. Zan fara da ta farko, domin na san ita ce take hana ka barci.

Allurar ba ita ta kai ciwon ƙashin Baba ba, kuma hujjar tana cikin wasiƙarka. Ciwon ƙugun ya riga allurar da kusan shekara. An auna PSA, wani furotin da furostet ke yi wanda ake aunawa a jini, kafin a taɓa shi, aka samu sama da 300, mu kuwa a wurin aiki da zarar ya haura 100 mukan ɗauka cewa ciwon ya riga ya fita daga mazauninsa sai in hoto ya ƙaryata mu. Ga kuma lissafin da kai ka fi ni iya koyar da shi: ƙullutu mai faɗin santimita ɗaya yana ɗauke da sel (ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su) kusan biliyan ɗaya, wato sel guda ta ninka kanta sau 30 ke nan. Dajin furostet kuwa yakan ɗauki watanni kafin ya ninka sau ɗaya tak. Babu yadda mako uku zai ishe shi ya cika ƙashin baya. Gaskiya ne an taɓa samun 'yan sel da suka maƙale a kan hanyar da allura ta bi, amma abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, kuma a nan kusa yake tsayawa. Abin da ya sa mutanenmu suka yarda cewa daji ba ya son ƙarfe shi ne, ba a kawo mana mara lafiya sai ciwo ya ci ƙarfinsa, sai lokacin gwaji da lokacin tsanani su faɗo tare. Baffanninka tsoro da ƙaunar ɗan'uwansu ne suke magana da bakinsu. Ka bi su a hankali.

Furostet daban, mafitsara daban

A rediyo za ka ji ana cewa dajin mafitsara alhali furostet ake nufi. A Sakkwato wannan ruɗani yana da illa, domin muna da dajin mafitsara na ainihi da yawa, wanda tsargiya take share wa hanya a tsakanin masunta da manoman fadama da suka tashi suna shiga ruwan Rima. Wancan fitsarin jini ne babbar alamarsa, kuma hanyarsa daban ce.

Furostet wata 'yar tsoka ce mai girman ɗan madaidaicin goro, nauyinta wajen giram 20 a jikin matashi. Tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta, aikinta kuma samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Kumburin tsufa, wanda ba daji ba ne, daga tsakiya yake tasowa, shi ya sa yake saurin matse fitsari. Daji kuwa galibi daga gefe yake farawa, ta baya, nesa da bututun. Sai mutum ya yi shekaru da shi fitsarinsa na fita lafiya. Ba na manta wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo mini daga ƙauye kwance a kan katifa a bayan mota, gadon bayansa duk shaidar ƙaho, sabo a kan tsoho. Da na tambaye shi fitsari sai ya ce, “Likita, hitsari lahiya lau, ƙugun ga shi ka damuna.” Da na sa yatsa na taɓa furostet ɗin sai na ji ta kamar tsakuwa.

Abin da ke lalacewa a cikin sel

A cikin kusan kowace sel akwai DNA, wato rubutun gadon halitta, da aka naɗe a ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Duk lokacin da sel za ta rabu biyu sai an kwafe wannan rubutu kakaf, kuma mai kwafa yakan yi tuntuɓe. Yawancin kurakuran ba su da illa. Daji yana tasowa ne idan kurakurai suka taru, shekara bayan shekara, a 'yan wurare masu muhimmanci a cikin zuriyar sel guda. Shi ya sa ciwon ya fi kama wanda ya haura 50.

Sel ɗin furostet tana da wata dabi'a da dole ka riƙe, don ita ce mabuɗin tambayarka ta uku. Ba ta girma, ba ta ma rayuwa, sai da iznin sinadarin mazakuta, wato testosteron. Idan ya shiga sel, wani furotin yakan mayar da shi DHT, wanda ya fi shi ƙarfi. DHT ya kama wani furotin mai suna AR, mai karɓar saƙon mazakuta, su biyun su shige cibiyar sel su zauna a kan DNA su kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Ɗaya daga cikinsu ita ce mai yin PSA. Wannan ne dalilin da ya sa PSA yake zama ma'aunin yadda AR ke aiki.

A 2005 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka, ƙarƙashin Arul Chinnaiyan, suka gano cewa a dajin furostet da yawa kuromosom na 21 yakan karye ya haɗe ba daidai ba. Makunnin wata ƙwayar gado mai suna TMPRSS2, wadda ke amsa kiran AR, sai ya manne da wata mai suna ERG, wadda ya kamata ta kasance a kashe a furostet. Kamar mai gyaran wuta ne ya haɗa makunnin fitilar ɗaki da injin niƙa, duk wanda ya kunna fitila injin ya tashi. ERG kuwa tana koya wa sel kutsawa cikin naman da ke kewaye da ita. Ana samun wannan a kusan rabin Turawan da ke da ciwon, amma ya fi ƙaranci a baƙar fata.

Sai birki. PTEN, a kuromosom na 10, ita ke taka wa wata hanyar saƙo mai suna PI3K da AKT birki, hanyar da ke ce wa sel ci, girma, kada ki mutu. Idan PTEN ta ɓace, saƙon ba ya yankewa. TP53 mai gadi ce, idan ta ga DNA ta lalace sai ta tsayar da sel a gyara, in gyara ya gagara ta umarce ta ta kashe kanta. RB1 tana tsare ƙofar rabuwa. BRCA2 ita ce mai ɗinke DNA idan zarenta biyu suka tsinke lokaci guda. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan maza 150 masu ciwon da ya yaɗu ya kuma bijire wa magani ya samu canji a AR a sama da kashi 60 cikin ɗari, TP53 a kusan rabi, PTEN a wajen kashi 40. A ciwon da bai fita daga furostet ba, waɗannan alƙaluma sun yi ƙasa sosai. Wato yaɗuwa tana tafiya ne tare da taruwar ɓarna.

Ana iya ganin sawun wannan ɓarna da ido a madubin ɗakin gwaji. Lafiyayyar furostet ƙananan zobba ce, kowanne da sel a jere sahu biyu, tsaf. A dajin da bai yi tsanani ba zobban sun ƙanƙance sun cunkushe, sahun waje ya ɓace, amma kowanne yana tsaye da kansa. Idan ya ƙara gaba sai su narke cikin juna su zama faifai mai huji-huji kamar rariya. A mataki na ƙarshe babu zobe ko ɗaya, sai sel ɗai-ɗai warwatse cikin nama. Wannan shi ne ma'aunin da Donald Gleason ya tsara a 1966, kuma lambar da ke kan takardar Baba, 7 ko 8 ko 9, daga nan ta fito. Ka duba ta.

Yadda sel ke barin gida

Sel ɗin da ke shimfiɗe a irin waɗannan zobba a manne suke da juna da wani furotin mai suna E-cadherin, kamar yadda laka ke riƙe tubali. A ƙarƙashinsu kuma akwai wata siririyar tabarma ta furotin da ta raba su da jijiyoyin jini. Muddin ba a keta tabarmar nan ba, ciwo ba ya zuwa ko'ina.

Idan ƙullutu ya girma, tsakiyarsa takan rasa iskar oksijin. Sai wani furotin mai suna HIF ya tashi, ya sa a saki VEGF, wanda ke kiran sababbin jijiyoyin jini su tsiro zuwa wurin. Jijiyoyin gaggawa ne, bangonsu duk kafa. A lokaci guda, saƙonni irin su TGF-beta da ke fitowa daga naman kewaye sukan tayar da wasu furotin, Snail da Twist da ZEB1, waɗanda ke zuwa su kashe ƙwayar gadon E-cadherin. Sel ta saki maƙwabtanta, ta miƙe ta yi tsini, ta fara rarrafe. Abin mamaki, wannan ba sabuwar dabara ba ce. Da ita sel ke yin ƙaura lokacin da ake halittar ɗan tayi a ciki, da ita kuma fata ke rufe miki. Daji tsohon shiri yake buɗewa a lokacin da ba nasa ba. Daga nan sai sel ta saki wasu furotin masu narkar da nama, MMP-2 da MMP-9, su huda tabarmar. Dajin furostet yana kuma son bin jikin jijiyoyin saƙo da suka ratsa furostet, ya bi su kamar yadda tururuwa ke bin tsagar bango har ya fita waje.

Wasu sel sukan bi magudanar ruwan jiki su sauka a kaluluwar cikin ƙugu. Wasu su faɗa jini. Jini kuwa ba wurin zama ba ne gare su: guguwarsa tana yayyaga su, sojojin jiki suna farautarsu, kuma sel irin wannan idan ta rasa abin da za ta tsaya a kai takan mutu da kanta. Mafi yawansu, nesa ba kusa ba, a nan suke ƙarewa. Masu tsira su ne waɗanda suka tafi a dunƙule, ko suka lulluɓe kansu da ƙwayoyin da ke daskarar da jini har sojoji suka wuce ba su gane su ba.

Me ya sa ƙashi

Nan ne gishirin tambayarka, kuma amsar tana da ƙafa biyu.

Ta farko hanya ce. A 1940 wani masanin ƙirar jiki ɗan Amurka, Oscar Batson, ya nuna cewa jijiyoyin da ke kwashe jini daga furostet suna haɗe da wata ragar jijiyoyi da ta kewaye ƙashin baya tun daga ƙugu har ƙoƙon kai. Yawancin jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya suna da 'yan ƙyamare da ke hana shi komawa baya. Waɗannan ba su da su. Idan mutum ya yi tari, ko nishi a bayan gida, ko ya ɗaga buhu, matsin cikinsa yakan tura jini baya ya shiga ragar nan. Shi ya sa ƙashin ƙugu da ƙasan gadon baya suke fara kamuwa, sannan haƙarƙari da kan cinya.

Amma hanya kaɗai ba ta isa bayani ba, domin jini yana zuwa ko'ina, har tsoka da saifa, kuma da wuya ka ga ciwon a can. Tun a 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya duba bayanan mata 735 da dajin nono ya kashe, ya ga ciwon yana zaɓen inda yake sauka. Ya ce iri ne da ƙasa: iska tana watsa iri ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake tsira. Duk manomin da ya san bambancin fadamar Wurno da jigawa ya riga ya fahimci wannan. Wani binciken gawarwaki da aka yi a Suwizalan, aka wallafa a 2000, ya samu cewa cikin mazan da dajin furostet ya bi musu jini, kashi 90 cikin ɗari yana ƙashinsu.

Yanzu mun san abin da ya sa ɓargo ya zama fadamar wannan iri. A cikin ɓargo ake yin jini, kuma uwayen sel na jini suna da 'yan gurabe na musamman da suke zaune a jikin ƙashi. Don su san hanyar gida, ɓargo yana sakin wani sinadari mai suna CXCL12, su kuma suna da abin shaƙarsa a jikinsu mai suna CXCR4. Sel ɗin dajin furostet takan ƙera CXCR4 ita ma, ta bi ƙamshin nan har ɓargo. Jijiyoyin ɓargo masu faɗi ne, jini na tafiya a hankali, bangonsu da ƙofofi. Sai ta kama bango da wasu ƙugiyoyi na furotin, ta kutsa, ta je ta zauna a gurbin uwar jini. An nuna a gwajin ɓeraye cewa har ture masu gurbin take yi.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi ba ni tsoro a duk lamarin, shi ne kuma ya fi wanke ka daga zargi. Sel ɗin ba ta fara girma nan take. Gurbin da ta shiga an yi shi ne don ya kwantar da uwayen jini su yi barci, kuma saƙonnin da ke wurin, irin su GAS6 da BMP7, sukan kwantar da ita ita ma. Ka san binne, yadda manomi ke zuba gero a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, iri ya kwanta shiru yana jira. Haka take yi, shekara biyar, goma, ko fiye. Hoto ba ya ganinta, maganin da ke kashe sel masu rabuwa ba ya samunta tunda ba ta rabuwa. Wannan ne ya sa wani za a cire masa furostet gaba ɗaya, ya yi shekaru lafiya, sannan PSA ya dawo. Abin da ke zama ruwan farko da ke tayar da wannan binne, masana ba su gama tantance shi ba har yau. Ana zargin kumburi, da tsufan ɓargo, da ƙaruwar rushewar ƙashi.

Idan ta farka sai ta shiga tsakanin ma'aikata biyu. Ƙashi rayayye ne, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo, kamar yadda ake kankare katangar ƙasa a sake yaɓe kafin damina. Akwai sel magina, akwai marusa. Dajin furostet yana sakin endothelin-1 da BMP da Wnt, masu zuga magina su yi ta gini ba tsari. Magina kuma idan aka zuga su sukan saki RANKL, wanda ke tayar da marusa. Marusa na cin ƙashi, abincin girma da aka ajiye a cikinsa, TGF-beta da IGF-1, yana zubowa, daji ya sha ya ƙara ƙarfi, ya ƙara zuga magina. Haka abin ke ta zagayawa. Yawancin sauran daji ramuka suke yi a ƙashi, hoto ya nuna baƙi. Na furostet fari yake nunawa. Na sha ɗaga hoton ƙugu a gaban fitila in ga fararen tabo kamar an yayyafa auduga, wani lokaci ƙashin baya guda ya yi fari fat. Iyali sukan ce ai ƙashin ya yi ƙarfi ke nan. Ina ma. Gini ne na gaggawa, tubali a kan tubali ba ɗauri, yana karyewa da sauƙi. Kuma yayin da yake cika ɓargo, wurin yin jini yana ƙanƙancewa, shi ya sa za ka ga dattijo ya yi fari yana haki.

A 2015 wasu masu bincike sun bi DNA ta ƙullutai daban-daban a jikin maza 10 da ciwon ya kashe, suka zana bishiyar zuriyarsu. Suka ga sau da yawa ƙullutun wani ƙashi daga na wani ƙashin ya fito, ba daga furostet kai tsaye ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa cire furostet a matakin da Baba yake ba ya kashe wutar.

Maganar maraina

Ka tuna sel ɗin furostet ba ta rayuwa sai da iznin testosteron. Ko da ta yi ƙaura zuwa ƙashi, ba ta bar wannan dabi'a ba. Sama da kashi 90 cikin ɗari na testosteron kuwa daga 'ya'yan maraina yake fitowa. A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges a Chicago suka nuna cewa idan aka cire su, ciwon da ya yaɗu a ƙashi yakan lafa. Huggins ya samu kyautar Nobel a 1966 saboda wannan, kuma har gobe a kansa maganin ya ginu. Dattijon nan da aka kawo a kan katifa, bayan aikin da 'yan kwanaki ya daina kukan dare, da ya dawo ganin likita kuwa da sandarsa ya shigo.

Hanya biyu ce. Ko ƙaramin aiki na ƙasa da awa ɗaya, wanda ake iya yi da allurar kashe zafi a wurin, testosteron ya faɗi cikin yini guda. Ko allura irin su goserelin duk wata ko duk wata uku, wadda ke hana ƙwaƙwalwa aika wa maraina umarni. Amfaninsu ɗaya ne. Sai dai allurar takan sa testosteron ya ɗaga a makon farko kafin ya faɗi, don haka ake fara ba da ƙwayar bicalutamide ta tare AR, musamman ga wanda ciwon ke ƙashin bayansa. Ra'ayina, kuma ina faɗa wa iyalai ƙarara: idan kuɗin allura zai riƙa yankewa, a yi wata biyu a tsallake uku, aikin ya fi alheri. Na san nauyin maganar a wurin dattijo. Kada a yanke a bayan idonsa. A zaunar da shi, a gaya masa cewa sha'awa za ta ragu, zai riƙa jin zafi na taso masa, ƙashi zai yi laushi da daɗewa, kuma duka hanyoyin biyu haka suke yi. Shi zai zaɓa.

Dole kuma in gaya maka cewa wannan magani danne ciwon yake yi, ba ya tumɓuke shi. Idan shi kaɗai aka yi, galibi bayan shekara ɗaya zuwa biyu PSA yakan fara hawa, ko da yake na ga waɗanda suka daɗe fiye da haka sosai. Cikin biliyoyin sel, yunwar testosteron tana kashe masu rauni ta bar masu dabara. Wasu sukan kwafi ƙwayar gadon AR sau da yawa, ta yadda ɗan abin da ya rage zai ishe su. Wasu AR ɗinsu yakan canza siffa har maganin da aka sa ya toshe shi ya koma yana kunna shi. Wasu sukan yi guntun AR, irin wanda ake kira AR-V7, wanda ba shi da wurin da sinadari ke kamawa, a kunne yake dare da rana. Wasu kuma sukan koyi dafa nasu testosteron daga abin da 'yan tsokokin da ke kan ƙoda ke fitarwa. Kaɗan daga ciki, musamman waɗanda suka rasa TP53 da RB1 tare, sukan bar AR kwata-kwata su rikiɗe su zama wata irin sel, su tafi hanta, PSA kuma bai tashi ba.

Sanin waɗannan dabaru shi ya haifar da sababbin magunguna. Abiraterone tana toshe CYP17, furotin da ake dafa sinadarin da shi, a ko'ina yake a jiki, kuma tare da prednisolone ake shanta. Enzalutamide tana riƙe AR da ƙarfin da ya fi na bicalutamide. Docetaxel kemo ce, wato maganin da ke kashe sel masu rabuwa. Manyan gwaje-gwaje daga 2015 zuwa 2017 sun nuna cewa haɗa docetaxel ko abiraterone tun daga farko, maimakon a jira ciwon ya bijire, yana ƙara tsawon rai. Ka tambayi likitocin Baba ko jikinsa da aljihunku za su ɗauki ɗaya daga ciki. Don ƙashi kuma akwai zoledronic acid da denosumab, masu kwantar da marusa, na biyun RANKL ɗin nan yake kamawa. Wurin da ya fi zafi ana iya gasa shi da na'urar haske, sau da yawa zama ɗaya yana kawo sauƙi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen fitsari da na gashin daji, sai ku nemi a haɗa ku da su duka.

Iyakar abin da zan iya faɗa

Ban ga Baba ba, ban ga takardunsa ba, don haka ba zan ce ga wace ƙwayar gado ce ta lalace a nasa ba, ba kuma zan yanka masa lokaci ba. Gwajin da ke nuna irin wannan ɓarna ba kasafai ake samunsa a kusa ba, kuma yana da tsada. Yawancin alƙaluman da na kawo daga jikin Turawa aka samo su. An san cewa a Amurka baƙar fata sun fi kamuwa, mutuwarsu da ciwon kuma ta kai wajen ninki biyu na ta farare, an kuma gano wasu bambance-bambance a kuromosom na 8 da suka fi yawa a zuriyar Afirka. Amma a abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya, jinkirin zuwa ya fi kowace ƙwayar gado yi mana ɓarna.

Abu biyu nake so ka riƙe a aikace. Idan Baba ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi ko sun mutu, ko ya ji kamar an ɗaure masa ciki da igiya, ko fitsari ko bayan gida ya riƙe ko ya kufce masa, ƙashin baya ne yake danne laka. A kai shi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, kada a tsaya ƙaho ko ɗori. Wanda aka kawo yana iya taka ƙafa galibi yakan ci gaba da takawa, wanda ya kwana biyu a shanye da wuya ta dawo.

Na biyu ya shafe ka kai da 'yan'uwanka da baffannin naka. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kai ninki biyu. Wani bincike na 2016 ya samu cewa kusan kashi 12 cikin ɗari na maza masu ciwon da ya yaɗu sun gaji lalatacciyar ƙwayar gyaran DNA ne tun daga haihuwa, BRCA2 ce kan gaba. Ita ce kuma ke kawo dajin nono da na ƙwan mace, don haka ka tambayi gwaggonninka ko an taɓa yin irinsa a dangi, ka gaya wa likita abin da ka ji. Ku maza, daga shekara 40 zuwa 45 ku fara auna PSA. Baffannin kuwa, tunda sa'o'in Baba ne, su ya fi kamata su riga kowa zuwa. Ka ɗauki babbansu ku je ganin likita tare a zuwa na gaba, a nuna masa ranar da aka auna jinin da ranar da aka yi allurar ɗiban naman, sannan a auna nasa shi ma.